Kalmar da Mama Ta Cire wa Ƙugiya

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ga labarin gida kamar yadda na saba jera miki.

Masu lafiya: Yayanki yana nan yana jan motarsa, ya yi ƙiba har maɓallan rigarsa suna neman ceto. Matarsa lafiya. 'Yarsu ta fito da haƙora biyu, ta gwada su a yatsana. Maƙwabciyarmu mai ɗinki tana gaishe ki. Kyanwa ta haifi huɗu a kwalin tsofaffin agoguna.

Marasa lafiya: Goggonki, gwiwa ta sake tashi, a zaune take salla. Sai ni da wannan bayan nawa. Amma ba baya ne ya hana ni sukuni ba, wasiƙarki ce.

Sau uku na karanta ta, da yatsa, kalma bayan kalma. Da farko dai, wa ya ce ki buga mini wasiƙa da inji? Injin naki bai san ƙugiya ba. Ina da shekara hamsin da biyu na zauna a kan benci, gwiwata tana dukan tebur, na koyi ƙa da ɗa da ɓa, don in riƙa rubuto miki ba sai wani ya ji cikinmu ba. Ke mai digiri kuma ki aiko mini da haruffa tsirara! Na ɗauki jan biro na bi ta layi-layi. Ƙugiya arba'in da ɗaya na sa. Ga ta nan na mayar miki, ki gani da idonki.

Na biyu, kuma shi ne ya tsaya mini a wuya. A ƙarshen shafin farko kin rubuta: "Abin da aka fara koya mana a nan shi ne ƙarya." Auta! Shekara uku kina can, ba mu ga ƙeyarki ba, ashe abin da kika je ɗaukowa ke nan? In ƙarya ce ai da kin zauna a gida, Yayanki ya koya miki a mako guda. Shafi na biyu ya fara da wata magana a kan hujja wadda ban gane kanta ba, don idona ya riga ya rufe.

Na uku, kin ce malaminku na falsafa ya ce mai yiwuwa babu gaskiya guda ɗaya, kowa da tasa. Ki tambayar mini shi: in ya taka garwashi, ƙafarsa ce za ta ƙone ko ra'ayinsa? Ranar da na haife ki, ni ce na haife ki, ko a nan ma kowa da tasa? Ina can, Auta. Kwana biyu na yi ina naƙuda, ban ga wata ta zo da tata gaskiyar ta karɓe ni ba.

Ranar da na fara rubuta sunana da hannuna, na faɗa wa malamar ajinmu cewa ba zan taɓa ɗora ƙarya a kan takarda ba. Ta yi dariya, ta ce za mu gani. Shekara huɗu ke nan, ba ta gani ba. Ga shi 'yar cikina tana neman gaya mini wai babu abin da nake tsarewa.

Sai na huɗu. Kin ce wani lokaci kikan farka da safe ki rasa dalilin da zai sa ki tashi. Wannan layin ban yi masa gyara ba, na dai zauna ina kallonsa. Kina cin abinci kuwa? Ɗakin naki rana tana shiga? Akwai wanda kike magana da shi ban da littattafai? Mutumin da aka ce masa babu gaskiya, ai dole ya rasa abin da zai taka ya sauko daga gado.

Agogunan shagon babanki duka suna tafiya.

Ki amsa mini da hannunki, ba da inji ba.

Mamanki

*

Mama,

Na gaishe ki da kyau. A gaishe da Goggo da jiki, a ce wa Yaya ya rage cin dare da rana. Ga shi da hannuna, ki duba ƙugiyoyin, duk suna nan.

Na yi dariya har maƙwabciyar ɗakina ta ƙwanƙwasa bango. Mama, ƙugiya arba'in daidai ne, amma ta arba'in da ɗayan ke kika ƙara mini. Ba ƙarya na rubuta ba. Ki haɗa ƙarshen shafin farko da farkon na biyu: "Abin da aka fara koya mana a nan shi ne karya hujjar abokin magana." Wato mutum ya kawo dalilinsa, ki nemo inda ya yi rauni ki karya shi a nan, kamar yadda kike yi wa Yaya in ya ce taya ce ta hana shi zuwa. Da jan bironki kika sa mini ƙarya a baki, sannan kika yi fushi da ni a kanta.

Maganar gaskiya kuwa, ban ce babu ita ba. Tambayar kundin da nake rubutawa ita ce: akwai gaskiyar da ba ta dogara da inda mai magana yake tsaye ba? Ga misali daga shagon Baba. Yanzu a nan ƙarfe goma na safe, a wajenku ƙarfe bakwai. Wanne ne lokacin gaskiya? Ki kai masa wannan, ina so in ji abin da zai ce.

Kada ki damu da zancen tashi da safe. Ina ci, ina sha. Tagata bangon wani gini take kallo, amma rana tana leƙowa na awa guda. Ba ciwo ba ne, tambaya ce, kuma saboda ita na zo.

Ni ma ina da tawa tambayar. Kin jera masu lafiya har da kyanwa. Kin jera marasa lafiya. Baba ba ya cikin ko ɗaya. Lafiyar agogunansa kawai kika ba ni. Kuma tun da na zo nan, duk wasiƙar da kika rubuta shi yake rufe ta, ya sa lokaci a ƙasa da ɗan siririn rubutunsa: an rufe ƙarfe kaza da minti kaza. Wannan ita ce ta huɗu da babu. Yaya yake?

Taki,
Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa. Yayanki da iyalinsa lafiya. Mai ɗinki lafiya. Kyanwa ta kwashe 'ya'yanta ta koma ƙarƙashin gado. Goggonki tana nan yadda take, an ba ta wani man shafawa mai warin da ke korar baƙi. Babanki da sauki.

To, na ji zancen karya hujja. Amma ba ni zan ba da haƙuri ba, injinki ne zai ba ni. Da ya san aikinsa da na gane wadda ba ta da ƙugiya da gangan aka bar ta. Kuma wane mai hankali ne yake yanke magana a tsakiya ya kai rabinta bayan takarda? Ki ma lura da kyau: ɗan lanƙwasa guda, wanda bai kai ƙafar ƙuda ba, shi ya hana ni cin abinci kwana biyu. In kowa da tasa gaskiyar, me ya sa kika yi saurin gyara mini tawa? Da kin bar ni da ita mana.

Na kai wa babanki tambayarki. Yana zaune a bakin teburinsa yana juya wani agogon hannu. Sai ya ce: "Ki ce mata duka biyun daidai ne. Goma a can, bakwai a nan, rana ce ta raba musu. Amma in nata ya ce goma da kwata alhali goma ce, kada ta ce ra'ayinsa ne. Ta kawo shi gyara." Ya yi ta dariya shi kaɗai. Ki kai wa malaminku wannan, in ya iya ya karya.

Zancen tashi da safe kuma, ba ki kwantar mini da hankali ba. Kin ce tambaya ce. Tambayar da ke danne mutum a kan gado, ni ciwo nake kiranta. Bari in gaya miki abin da nake gani kullum. Agoguna talatin da ɗaya ne a bangon shagon nan. Kin san rabinsu masu su ba su dawo ba: wasu sun ƙaura, wasu sun rasu, wani ma tun kafin a haife ki ya ajiye nasa. Ko wace safiya, kafin ya sha ko ruwa, babanki sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya murɗa musu kunne. Yanzu tare muke zuwa, yana murɗawa ina faɗa masa abin da kowanne ya nuna. Na taɓa ce masa, don Allah wannan na tsohon nan da ya rasu shekara ashirin, wa kake murɗa wa? Ya ce, "Amana ya bar mini, kuma bai dawo ya ce in daina ba."

Bai taɓa karanta falsafa ba, amma ban taɓa ganin gari ya waye masa yana neman dalili ba. Ke ma akwai abin da aka bar miki. Ki duba da kyau, za ki gan shi.

Batun lokacin da yake rubutawa a ƙasa, wannan tsakaninku ne. Ai kuna waya.

Mamanki

*

Mama,

Gaisuwa. Ba zan tsawaita ba.

Shekara uku kina rubuto mini, ko sau ɗaya ba ki taɓa mance ƙugiya ba. Na ɗauko wasiƙunki duka na baza a gado na duba. A wannan ta ƙarshe kin sa wa baƙi tasu, kin sa wa ƙuda tasa, har kyanwar da ke ƙarƙashin gado ba ki tauye ta ba. Kalma ɗaya tak kika bari tsirara: "Babanki da sauki."

Kuma tun yaushe mai gyaran agogo yake buƙatar a faɗa masa abin da agogo ya nuna?

Na kira Baba a waya. Ya ce garau yake, ya yi ta ba ni labarin kyanwa. Na ce ya ba ni ke, ya ce kina wanki. Na sake kira, kina wanki. Na kira Yaya, ya ce yana tuƙi. Kayan gidan nan nawa ne da ba sa ƙarewa?

Ki gaya mini gaskiya.

Auta

*

Mama,

Mako biyar ke nan ba amsa. An sa mini ranar kare kundina, ashirin da biyu ga watan gobe, amma na kasa karanta ko shafi guda. Ke da kika cika mini takarda uku da faɗa a kan gaskiya, yau layi ɗaya ya gagare ki? Ban yafe wannan shirun ba.

Auta

*

Auta,

Marasa lafiya: babanki.

Sauran kowa lafiya, ba ni da ƙarfin jera su.

Kin ce in gaya miki gaskiya. Wacce? Tawa, ko taki, ko ta malaminku? Ba ke ce mai kowa da tasa ba? Babanki ya ba ki tasa a waya, ya ce garau yake. Me ya sa ba ki karɓa kin yi shiru ba? Ashe da abu ya zo kan ubanki, guda ɗaya kike so, wadda ba ruwanta da inda mai magana yake tsaye. Ki rubuta wannan a kundin naki, ki ce uwarki ce ta faɗa.

Na gama faɗan. Yanzu ga ta.

Wata takwas ke nan ya fara ƙorafi wai gilashin da yake maƙalawa a ido ya dushe. Ya goge, ya sake gogewa, ya sayi sabo. Ran nan na shiga shago na tarar da shi yana laluben wani ɗan ƙaramin noti a kan tebur, ga notin nan a gaban hancinsa. Muka je asibiti. Aka ɗauki hoton kansa. Likita ya ce ƙari ne a ciki, a bayan idanu, yana danne jijiyar gani. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama yana gani kamar ta bayan labule. In kin tsaya kusa da shi, tsawon hannu, zai gane fuskarki. In kin ja baya taku biyu, kin zama inuwa.

Za a yi masa aiki ranar sha tara ga wata, kwana uku kafin ranarki. Na tambayi likitan ko zai gani bayan aikin. Yaro ne mai kunya, ya yi ta juya biro. Na ce, ɗana, ni ba a yi mini kwana-kwana. Ya ce, "Mama, zai iya tashi yana gani, zai iya tashi ba ya ganin komai. Kuma aikin kai ne, ba zan yi miki alkawarin da ba nawa ba." Na gode masa. Shi kaɗai ne a cikin wata takwas ya yi mini magana a miƙe.

Tun a ƙofar asibiti babanki ya riƙe hannuna ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya miki ba sai kin kare kundinki. Ya ce shekara uku kika zuba a ciki, ba zai zama shi ne ya tsayar miki da agogo ba. Na yi masa. Sai na dawo gida na tarar da wancan alkawarin yana jirana, wanda na yi ranar da na rubuta sunana. Ɗaya ya ce kada ki faɗa. Ɗaya ya ce kada ki rubuta abin da ba shi ba. Ni ga ni a tsakiya da biro a hannu.

Shi ya sa na cire shi daga jerin gaba ɗaya. Da kika tambaya, na rasa mafita. Kin san yadda muke: ko mutum yana kan gargara, in an ce yaya jiki, sai a ce da sauƙi. Da baki na faɗe ta sau ɗari, ga Goggonki, ga mai ɗinki, ga masu kawo gyara. Amma da na zo rubuta ta, hannuna ya ƙi. Na yi s, na yi a, na yi u, na tsaya. Sai na ce a raina, in na hana ta ƙugiyarta ai ba ita ba ce. Sauki ba kalma ba ce, ba ta nufin komai, wanda ya rubuta ta bai ce komai ba. Na rufe ambulan ina jin ni mai wayo ce.

Ba wayo ba ne, Auta. Na so ki karanta ta da ƙugiya, ki kwanta da hankalinki. Wanda ya shirya wa wani ya fahimci abin da ba shi ba, ya yi ƙarya, ko da bai rubuta harafi ɗaya ba. Mako biyar ɗin nan abin da nake taunawa ke nan. Wankin ma da ake ce miki, a tsaye nake kusa da shi ina jin muryarki, na san in na ce "na'am" kaɗai kin gane. Wasiƙunki kuma ni nake karanta masa, ina tsallake layukan da kike tambayarsa. Ga uwarki mai tsaron gaskiya. Ki yi fushi, kin fi ni hujja, ba kuma zan iya karya ta ba.

Amma ki lura da abu ɗaya. Duk wannan juye-juyen da muke yi, ni da ƙugiyata, shi da "garau nake", Yayanki da tuƙinsa, abin da ke cikin kan babanki bai saurari kowa ba. Girma yake yi. Ba ya jiran ra'ayina. In kina neman gaskiyar da ba ta canzawa daga gari zuwa gari, na gan ta a hoto, fara ce, girmanta bai wuce ƙwai ba.

Har yau yana murɗa agogunan. Ya daina gyara, ya mayar wa mutane kayansu, amma talatin da ɗayan nan bai fasa ba ko sau ɗaya. Da hannu yake gane su. Jiya ya tsaya a gaban ƙaramin nan mai ƙararrawa, wanda yake tashinki makaranta, ya ce, "Ko ta yi ƙiba? A waya muryarta kamar ta rame." Na ce ban sani ba. Ya ce, "Da na gani da na sani." Daga nan ya wuce na gaba.

Ban ce ki bar kundinki ba. Ban ce ki zo ba. Ban san ko malamanku suna ɗaga rana ba, ban san abin da za ki rasa ba in kin taho. Ke za ki auna. Abin da na sani shi ne har zuwa safiyar sha tara akwai ido ɗaya a gidan nan da zai iya gane ki. Bayan nan, Allah ne masani.

Kafin in rufe, na je shago na karanta masa wannan daga farko har nan, ban tsallake ko layi ba. Ban taɓa jin ya ɗaga mini murya haka ba. Ya ce, "Kin karya alkawari!" Na ce, "Na karya. Marar ƙugiyar na yi. Mai ƙugiyar ce na gaji da ita." Ya juya mini baya. Na zauna a nan ina jin agoguna. Da babban na bango ya buga huɗu, ya ce in miƙo masa biro, in ɗora masa hannu a inda takarda ta ƙare. Rubutun ya karkace, ya hau kan sunana, amma nasa ne, kuma na duba lokacin, daidai yake.

Mamanki

An rufe ƙarfe huɗu da minti biyu. Auta, ki amsa wa uwarki kafin sha tara ga wata, ta hana ni sakat. In da hannu za ki rubuto, ki sa ƙugiya. In da ƙafa za ki kawo amsar, ki matso kusa.